Tabarmar Madugu

Warin albasa ne ya jawo wannan magana. Shekaranjiya da la'asar wata babbar mota ta ratsa ta bakin layinmu a nan Zongo, shaƙe da buhunan albasa, ta bar mana warin nan mai shiga ido. A daidai lokacin ɗana na fari yana zaune a ƙofar gida da abokansa uku, kowa da waya a hannu, suna ta da jijiyar wuya a kan wanda ya cancanci sarautar wata ƙasa da babu ita ko a taswira. Sarkinsu na cikin fim ya mutu, wai ƙaninsa ne zai hau, wai a'a, jikansa ne. Ɗan nan nawa, wanda in ka aike shi sayen gishiri sai ya dawo daga rabin hanya ya tambaye ka me ka ce, shi ne yake jero sarakuna bakwai bi da bi, da wadda ta haifi kowanne, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsu, raini ya cika mini ciki. Kada ka ce tsufa ne ya sa na ƙi abin zamani. Na san wannan cutar tun ina 'yar shekara goma, na san abin da ta ci a gidanmu, kuma ni ma da hannuna a ciki.

Kakana na wajen uba mai masauki ne. Daga Nijar ya zo Wagadugu yana saurayi, ba shi da komai sai rigar wuyansa, ya yi dako, ya yi dillanci, har Allah ya ba shi gida. Fatake da direbobi masu kawo albasa da tattasai da kanwa, in sun iso gari, gidanmu suke nufa. Kaka ne zai ba su wurin kwana, ya ciyar da su, ya nemo musu masu saye a kasuwa, ya yi musu tafinta da yaren Mosi, in kuma takardar wani ta samu matsala ya sa hularsa ya bi shi har ofis. Zaurenmu babba ne, mai sanyi, kullum yana warin albasa da gumin matafiya. Abin da ya bambanta shi da sauran zaurukan layin shi ne ba shi da ƙyaure. Ba wai ya ɓalle ba ne, tun gininsa ba a sa ba. Kaka yakan ce ƙyaure na mai tsoron baƙo ne, shi kuwa baƙonka Annabinka.

Akwai wata al'ada da sai ka san ta za ka gane abin da ya faru. In ayarin fatake ya iso, shugabansu, wanda muke kira madugu, yakan tsaya a bakin zaure da naɗaɗɗiyar tabarmarsa a kafaɗa. Ba ya ajiye ta da kansa, ko da ya kwana uku a hanya. Sai maigida ya fito ya karɓe ta da hannunsa, ya ce, “Ku sauka.” Sannan a kawo musu zomkom, ruwan garin gero mai tsami da zaƙi wanda mutanen garin nan ke tarbar baƙo da shi, sannan a kwance kaya. Ran da maigida ya kasa, ɗan da ya fito ya karɓi tabarmar a madadinsa shi ne magajin gida. Ba rawani, ba tambari, ba taro. Baƙi suna gani, su koma su faɗa a can, shi ke nan magana ta zauna.

Kaka yana da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Baba, mahaifina, shi ne babba. An haife shi tun Kaka yana dako, a ɗakin haya, uwarsa 'yar Mosi ce mai sayar da ƙosai, ta rasu yana ƙarami. Gyaran babur yake yi a bakin titi. Baffa kuwa an haife shi bayan an gina gidan, uwarsa 'yar gidan manyan fatake ce, ya yi makarantar boko har ya samu aikin ofis a unguwar Paspanga, yana sa riga mai guga da agogo. Ta ukunsu ita ce Gwaggo, wadda ta yi shekara ashirin tana tuƙa wa baƙi tuwo, ta san wanda ba ya cin yaji da wanda ba ya ƙoshi. Da ana ba mace tabarma, da wannan labarin bai samu wurin tsayawa ba.

A shekarar da nake ba ka labari, ɓarin jikin Kaka ya shanye. Aka kwantar da shi a ɗakin da ke bayan zaure, inda yake jin duk wanda ya yi sallama. Bakinsa ya ɗan karkace amma hankalinsa garau, har wasan jika da kaka bai daina yi da ni ba. “Amarya,” yakan ce, “tun da na kwanta kin daina yi mini kwalliya, ko kin samu wani ne?” Kowa a layin ya san tambayar da ke rataye a gidanmu, wato wa zai karɓi tabarma in ayarin albasa ya zo da bazara. Dattawa sun matsa wa Kaka ya faɗi suna, ya ƙi. Ya ce shi ba wanda ya naɗa shi, fitowa ya yi.

To, a wannan shekarar ce aka fara nuna wani fim a talabijin, kowace Lahadi bayan la'asar. Talabijin mai launi ɗaya ce a layinmu, tana shagon wani tela, kuma nan mazan unguwa ke taruwa suna dafa shayi. Labarin wani tsohon sarki ne na wata ƙasar ƙarya, yana kwance rai a hannun Allah, wata da watanni ya ƙi mutuwa ya ƙi warkewa. 'Ya'yansa biyu suna jiran gado. Babban an haife shi tun kafin uban ya hau mulki, uwarsa talaka ce. Ƙaramin a fada aka haife shi, uwarsa 'yar sarauta.

Ka ga inda maganar ta dosa, ko? Yaro ma ya gani. Amma manyan mutane masu gemu, masu iyali, suka rabu gida biyu, 'yan Babba da 'yan Ƙarami, suka yi kamar ba su san komai ba. Baba ya zama limamin 'yan Babba. Sai ka ji shi da baƙin mai a hannu yana buga benci yana cewa, “Wanda ya sha wuya tare da ubansa shi ne ɗa! Wancan me ya sani ban da cin shinkafa a fada?” Baffa kuma ya gyara agogo, ya juya zuwa Faransanci don ya nuna ya yi karatu, sannan ya dawo Hausa ya ce, “Se fo, yaya, ƙarya ne. Sarauta jini ce da ilimi. Ɗan sarki shi ne wanda aka haifa uban yana sarki.” Kowa ya ƙyalƙyale da dariya, tela ya ƙara gawayi a murhu. Haka suke yi daga Lahadi zuwa Lahadi. An yi mai fawa da ya ƙi sayar wa wani nama mai kyau saboda ɗan Ƙarami ne. An yi waɗanda suka daina tsayawa sahu ɗaya a masallaci.

Na daɗe ina tunanin abin da ke ja wa mutane wannan haukan, kuma amsar da na samu ba mai daɗi ba ce. Su 'yan kallo nasu mai sauƙi ne, faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. Mutumin da matarsa ba ta jin maganarsa a gida, a shagon tela shi ne mai naɗa sarki, ya ɗora wannan ya tuɓe wancan kafin shayi ya huce. Baba da Baffa kuwa abin da suka kasa faɗa wa juna a tsakar gida shi suke faɗa da bakin 'ya'yan sarkin ƙarya. Ban taɓa jin sun zauna sun ce, “Tsoho ya kwanta, yaya za mu yi da baƙi?” ba. Ko sau ɗaya. Amma habaici ta cikin talabijin, wannan kam sun ƙware. Sarautar fim ba ta tashin mutum daga barci ya nemo wa baƙo magani, ba ta sa ka tsaya a rana a bakin ofis. Gado ne da ake ci da baki kawai, kuma dokin mai baki ya fi gudu.

Ni ma fa 'yar Babba ce ta gaske, saboda ubana. Nakan laɓe a bakin tagar shagon da sauran yara, in Ƙaramin ya fito mu yi masa tsaki.

Bazara ta yi tsanani a shekarar. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, mangwaro ya cika kasuwa, ƙudaje sun bi shi. Aka yi shela cewa Lahadi mai zuwa ce ta ƙarshe, tsohon sarki zai mutu, za a naɗa sabo. Tun azahar mutane suka fara kai kujeru shagon tela. Baba ya rufe wurin aikinsa da wuri, Baffa ya yi wanka ya sa farar riga kamar shi za a naɗa. Ni Gwaggo ta tsare ni da wankin kwanuka, ina yi ina zumɓura baki, kunnena yana can.

Ana cikin haka muka ji sallama a bakin zaure, murya mai kauri da muka sani. Madugun masu albasa ne, dogon tsoho mai furfura, wanda ya fi shekara talatin yana sauka a gidanmu. Mutum huɗu ne a bayansa, duk sun yi futu-futu da ƙurar hanya. Tabarmarsa tana kafaɗa.

Kaka ya kira ni daga ɗaki. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

“Amarya, ruga shagon tela. Ki ce madugu yana tsaye da tabarma. Duk wanda ya zo ya karɓa a cikinsu, na yarda.”

Na ruga. Shagon ya cika maƙil, har bakin titi. Na kutsa ta tsakanin ƙafafu na iske Baba a gaba, na ja rigarsa na ce madugu ya zo, yana tsaye, Kaka ya ce a zo a karɓi tabarma. Ko juyowa bai yi ba.

“Je ki gaya wa Baffanki. Ai shi ne ɗan gida, a ciki aka haife shi.”

Na zagaya wurin Baffa na maimaita. Ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda.

“Ga babba a zaune ni zan tashi? Ina ladabi? Ki ce masa ya je. Minti biyu ya rage ma, atan, ki ɗan jira.”

Ka ji fa. Mutumin da ya yi wata shida yana rantsuwa cewa gado na babba ne, da gadon ya zo yana tsaye a rana sai ya ce na ɗan gida ne. Wanda ya yi wata shida yana kawo hujja da Faransanci cewa na ƙarami ne, ranar ya tuna da ladabi. Kowannensu ya ari hujjar ɗan'uwansa don kada ya ɗaga gindinsa daga benci. Suna suke so, ba tabarma ba. Kuma a ransu sun ɗauka madugu zai jira, tunda ya saba samun zauren a buɗe.

Ga nawa laifin. Ban faɗi ƙarshen saƙon ba, wato “duk wanda ya zo, na yarda.” Ina buɗe baki zan faɗa sai aka buga tambari a cikin talabijin, tsohon sarki ya cika, mata suka fasa kuka, aka fito da rawani a kan faranti. Na ce bari in ga wannan kaɗai in koma. Na tsaya a tsakanin ubana da baffana, baki buɗe, na manta da Kaka, na manta da mutum biyar a rana. Kada wannan ya wanke su, duk wanda aka haifa a gidanmu ya san ma'anar tabarma a kafaɗa ba sai yarinya ta fassara masa ba. Amma ni aka aika, ni kuma ban koma ba.

Masu fim sun san aikinsu. Suka yi ta jan rai, a nuna fuskar wannan, a nuna ta wancan, fadawa su yi shawara, a sake buga tambari. Ya kai rabin awa. Mai naɗi ya ɗaga rawani ke nan sai wuta ta ɗauke. Shagon ya yi ɗif, sannan ihu ya tashi, wasu suna zagi, wani yana dukan talabijin ɗin kamar ita ce ta yi laifi. A cikin wannan ihun ne saƙon Kaka ya faɗo mini a rai. Na fita da gudu.

Abin da na tarar ba zai bar idona ba har in mutu. Kaka yana bakin zaure, a ƙasa. Da ya ji shiru ya yi yawa sai ya sauko daga gado ya ja jikinsa da hannu ɗaya, tun daga ɗaki har ƙofa, rigarsa duk ƙasa, gwiwarsa ta goge. Gwaggo tana gefe da ƙwaryar zomkom tana hawaye, ta yi ta roƙonsa ya bari ta ɗaga shi ya ƙi. Ya miƙa hannunsa mai lafiya sama yana neman kafaɗar madugu, amma bai kai ba.

Madugu ya durƙusa a gabansa, amma ya dafe tabarmar da hannu.

“Alhaji, ka yi mani gahwara,” ya ce. “In na ba ka yau, baɗi wa za ni ba?”

Hannun Kaka ya sauka a hankali. Madugu ya karɓi ƙwaryar daga hannun Gwaggo ya sha, ya miƙa wa mutanensa, ya yi wa Kaka doguwar addu'a, ya ce za su tafi unguwar Dapoya wurin wani mutum da Kaka da kansa ya koya wa sana'ar. Da ya miƙe idonsa ya yi ja. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Sun juya ke nan sai ga Baba da Baffa sun shawo kwana, har lokacin suna gardama, kowa yana cewa ai rawanin wajen nasa ya nufa. Da suka hango ayarin sai kowa ya tuna shi magaji ne. Suka rugo har suna ture juna, hannu biyu a kan tabarma ɗaya. Madugu ya ja baya.

“An gode, ɗiyana. Ta samu wuri. Ku tahi ku ɗauki tsohonku daga ƙasa.”

Suka kinkimi Kaka suka mai da shi gado. Da aka kwantar da shi ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “To, wa aka naɗa?” Baffa, da duk karatunsa, bai gane ba tambaya ba ce. Ya ce, “Kuran ya ɗauke, Baba, wuta ta tafi, ba mu gani ba.” Kaka ya ce, “Ni na ga nawa. Gobe a kira mai walda.” Ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa ina jiran duka. Sai ya ɗan juyo da kai ya ce, “Amarya, fim ɗin ya yi daɗi?” A hankali ya faɗa, har da ɗan murmushi. Da ya sa an zane ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari mai walda ya zo ya auna bakin zaure. Bayan kwana uku aka kafa ƙyauren ƙarfe, shuɗi, mai sakata biyu. Maƙwabta suka fito suna kallo. Baba da Baffa kuwa, tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, suka yi sati suna ɗora wa juna laifi, daga baya suka haɗu suka ɗora wa wutar lantarki, wai da ba ta yi ta wasa ba da an gama da wuri. Sauran ayarin da suka saba zuwa suka ji labari tun a hanya, ba wanda ya sake yin sallama. Gwaggo ta kife manyan tukwanenta a bayan ɗaki. Kaka bai ga ƙarshen daminar ba. An sake nuna ƙarshen fim ɗin, kuma in gaya maka gaskiya, duka biyun sun je sun kalla. Ni ban je ba, har yau ban tambayi wanda aka naɗa ba.

Yanzu zauren shagon gyaran waya ne, ƙyauren yana nan, an sake masa fenti sau biyu. Ni aure ya kawo ni layi na uku daga can. Talabijin ɗin da ta tara unguwa guda a shago ɗaya yau tana aljihun kowane yaro, masu naɗa sarki sun ƙaru, masu tashi in an yi sallama sun ragu.

Motar albasar nan da na ce maka ta wuce shekaranjiya ba ta yi nisa ba, a ƙarshen layi ta tsaya, tayarta ta yi faci. Can sai ga direban, dattijo, da buta ba ruwa a hannu da 'yar tabarmar salla a kafaɗa. Ya tsaya a kan yaran nan ya yi sallama. Ya sake. Ya yi ta uku. Na ce wa ɗana, “Kai, tashi, ana sallama.” Idonsa a kan waya ya ce, “Mama, atan, minti biyu.”

Na jingine tsintsiya, na ɗebo ruwa mai sanyi a randa na kai wa mutumin, na cika masa butarsa. Sannan na miƙa hannu na ɗauke tabarmar daga kafaɗarsa, na shimfiɗa masa a inuwa, na ce, “Ka sauka, baba.” Ya dube ni da mamaki, ya yi godiya da Hausar mutanen Kaka. Ɗana ya ɗago ya ce, “Mama, kin san shi ne?” Na ce ban san shi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya koma naɗin sarkinsa.

Hannuna ya makara da shekara talatin da wani abu, amma ya kai.